Magana ma sai an yi mata mastar? Fashin baƙi kan karatun sadarwa a jami'a

Ƙanwata ta gama lisans bana, ta ce ita mastar za ta yi a fannin sadarwa, wato abin da 'yan lakwal ke ce ma kominikasiyon. Da yake Kawu ne zai ɗauki rabin kuɗin, sai anka ce ta je ta gaya mishi da bakinta, ni kuma in raka ta. Mun iske shi ƙofar shago bayan la'asar, waya biyu a hannu, ɗaya ya kara a kunne yana sauraren vokal, ɗaya tana ta ƙara bai ko kula ta ba. Ya bari ta gama bayani tsaf sannan ya dube ta ya ce, "Yo ke ɗiyata, magana ma sai an yi mata lakwal? Ni da ban taɓa zama aji ba, da bakin nan nawa nake loda tirelar aya har Dawanau. Shekara biyar kina koyon magana, da can bebiya ce ke?" Yaran shago sunka fashe da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Kawu, ba haka ba ne," daga nan ta rasa ta cewa.

Ni ma ban ce komai ba, don ba a gardama da Kawu gaban yaranshi. Amma na yi wanga karatu, kuma tambayarshi ba ta wauta ba ce, ita ce tambayar da ko ɗaliban fannin da yawa ba su iya amsawa sai sun kai shekarar ƙarshe. To ga abin da ya kamata in ce ran nan.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai koyon sana'a: yadda ake rubuta labari, riƙe mikro, ɗaukar hoto, haɗa shiri a kwamfuta. Wannan shi ne mafi yawan abin da ake yi a shekara ukun lisans, kuma shi makarantu irin su IFTIC ta Yamai ko CESTI ta Dakar sunka shahara da shi. Sai kuma bincike, wanda shi ne ainihin aikin mastar da doktora. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3, mastar 2, doktora aƙalla 3, kuma da ka tsallaka zuwa mastar tambayar tana sauyawa, ba yaya zan faɗi magana ta yi daɗi ba, a'a, me ya sa abin da na faɗa ba shi ne abin da ya isa kunnen mutum ba, kuma yaya zan gano haka da hujja ba da zato ba. Fannin ya yi faɗi har a Najeriya hukumar jami'o'i ta NUC ta raba shi gida bakwai a 2020, aikin jarida daban, talla daban, hulɗa da jama'a daban, fim daban, sadarwar raya ƙasa daban, da sauransu. A Faransa kuwa, inda tsarinmu ya samo asali, sai a 1975 anka amince da shi a matsayin fanni mai zaman kanshi a jami'a. Yaro ne a cikin ilimomi, shi ya sa yake ara daga ko'ina, daga ilimin zamantakewa, ilimin halayyar ɗan Adam, nazarin harshe, har lissafi.

Lissafin ma da shi anka fara. A 1948 wani injiniyan kamfanin tarho na Bell a Amurka, Claude Shannon, ya zana abin kamar haka: mai aikawa, saƙo, hanyar da saƙon ke bi, mai karɓa, sai kuma hayaniyar da ke shiga tsakani ta ɓata shi. Shi damuwarshi waya ce, yadda murya za ta bi igiya ta fito ba ta lalace ba, ma'anar maganar ba ruwanshi da ita. A shekarar dai Harold Lasswell ya jera tambayoyinshi biyar: wa ya faɗi, me ya faɗi, ta wace hanya, ga wa, da wane sakamako. Duk ɗalibin shekarar farko ya haddace waɗannan kamar karatun allo. Suna da amfani, amma in hayaniya rashin rezo ce kawai, da ranar da rezo ya yi kyau ba wanda zai yi faɗa da matarshi. Shekaru saba'in da sunka biyo baya kusan duk an ƙare su ne wajen nuna cewa mai karɓa ba tulu ba ne da ake ɗura ma ruwa.

Wanda ya fara karya tulun, tun kafin su Shannon ma, shi ne Paul Lazarsfeld da abokan aikinshi. Lokacin zaɓen shugaban Amurka na 1940 sun zauna a wata gunduma mai suna Erie a jihar Ohayo, suna komawa wurin mutum kamar 600 wata bayan wata suna tambayarsu wa za su zaɓa. Zaton kowa a lokacin rediyo da jarida ne ke juya kan mutane. Sai sunka iske kaɗan ne ƙwarai kamfen ya sauya ma ra'ayi, kuma waɗanda sunka sauya ɗin galibi wani ne ya yi musu magana, maƙwabci ko ɗan'uwa ko abokin aiki da suke ganin ya fi su sanin abin. Wato labari yana yin zango biyu, daga rediyo zuwa ga wasu 'yan tsiraru, daga su kuma zuwa ga jama'a, kuma a zango na biyun ne ake yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa zama fada a Maradi ya san wannan ba tare da ya je Ohayo ba. A ji labari a BBC ko Anfani da safe, amma sai dare, wajen shayi na biyu, in wane ya ce "ƙarya ne, siyasa ce," to ya zama ƙarya a fadar baki ɗaya. Bambancin kawai su sun ƙirga, sun rubuta yadda sunka ƙirga, wani na iya zuwa ya sake gwadawa ya ƙaryata su.

Kuma abin ba wasa ba ne, rayuka na tafiya a kai. A 2003 anka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya saboda jita-jitar cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki, ba a koma ba a Kano sai tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, mu da ke bakin iyaka kuwa ba sai an faɗa ba. Sanarwa ba ta yi ƙaranci ba, rediyo kullum yana yi. Yarda ce babu, ga kuma tabon gwajin maganin sanƙarau da anka yi kan yara a Kano a 1996 bai warke a zukatan mutane ba. Abin bai daidaita ba sai da anka bi ta hannun sarakuna da malamai, wato mutanen zango na biyu. Wanda ya yi mastar ta gaske a sadarwa aikinshi ke nan, ya gano wa ake ji a unguwa kafin a kashe miliyoyi wajen buga fasta.

Ɓangaren da ni ya fi kama ni shi ne na yaɗuwar sabon abu, don misalanshi suna nan bayan gidanmu. Everett Rogers ne ya tattara shi a 1962, ya ɗora kan wani bincike na 1943 a kan yadda manoman jihar Ayowa sunka karɓi sabon irin masara. Can ma haka anka gani: mai talla ne ke fara kawo labari, amma maƙwabci ne ke sa a shuka. Rogers ya ce abu yana saurin karɓuwa in an ga ya fi na da, in bai ci karo da al'ada ba, in ba shi da wuyar ganewa, in ana iya gwada kaɗan kafin a zuba dukiya, in kuma amfaninshi yana ganuwa da ido. To dubi buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, PICS, da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masu bincike na nan ciki har da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, anka fara yaɗa shi a 2007. Ba lacca anka yi ma manoma kan yadda ƙwaro ke mutuwa in iska ta ƙare ba. An je ƙauye da kaka, an cika buhu gaban kowa an ɗaure, bayan watanni an dawo an tara jama'a an kwance, kowa ya sa hannu ya damƙi wake ya ga ba huji ba gari. Wannan kwance buhun shi ne saƙon, kuma wani ne ya zauna ya tsara a yi shi haka.

Sassabin zamani ma haka, ko ma ya fi. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a nan Maradi a lokacin, ya fara cewa a daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, a zaɓi rassa a gyara su zama itace. Bayan yunwar 1984 mutane da yawa sun yi don ana ba da abinci, da abincin ya ƙare da yawa sunka sare. Amma 'yan tsirarun da sunka bari, maƙwabta sun ga icen girki, sun ga harawa, sun ga hatsi bai ragu ba, sai abin ya bi gona gona, ƙauyuka irin su Dan Saga wajen Agye sunka zama wurin zuwa kallo, har yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 tsakanin Maradi da Damagaram. Sai dai akwai abin da zanen Rogers bai cika kamawa ba: muddin manomi yana ganin itacen na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara in ya taɓa, ko za ka kwana kana mishi wa'azi ba zai rena shi ba. Sai da ya tabbata nashi ne. Wannan shi ne sukar da masana na Latin Amurka sunka yi ma tsohon tunani tun shekarun 1970, cewa ana ɗaukar talaka kamar jahilci ne kawai ke damunshi, alhali sau da yawa ya gane sarai, lissafinshi ne ya fi naka.

Daga nan sai maganar ma'ana, inda ni na sha kunya. Stuart Hall, ɗan Jamaika da ya koyar a Birmingham ta Ingila, ya bayyana a 1973 cewa mai aikawa yana ƙulla saƙo da nufinshi, mai karɓa kuma yana kwance shi da nashi sani, yana iya karɓa yadda anka so, ko ya karɓi rabi ya gyara rabi, ko ya juya shi gaba ɗaya. Na ci jarrabawa a kai da maki mai kyau. Sai lokacin istaj, wato koyon aiki, wata ƙungiya ta tura mu anket, binciken tambaye-tambaye gida gida, a wani ƙauye kan tazarar haihuwa. Takardar tambayoyi da Faransanci anka rubuto ta daga biro, kowace tambaya da akwati biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam," mu kuma muna fassarawa a tsaye. Na zauna bakin tabarma gaban wata baiwar Allah tana sussukar gero, uwar mijinta na gefe tana kaɗi, kunne a miƙe. Na ce, "Inna, kin yarda mace ta huta tsakanin haihuwa da haihuwa?" Ta ce, "To." Na sa mata alama a "na yarda." Na ce ko za ta je likita ta karɓi magani, ta ce, "In Allah ya so." Na sake sa "na yarda." Na tambayi ɗiyanta nawa, ta yi murmushi ta ce huɗu, ga yara biyar suna yawo a tsakar gida. Sai a hanyar komawa abokiyar aikina, 'yar ƙauye ce ita, ta ce min, "Kai malam, ɗan fari ne ba ta ƙirga ba, kunya. Kuma 'to' ɗin nan da ka ji, cewa ta yi ka ƙyale ta." Takardu ɗari da wani abu munka cika a haka, anka kai biro anka fitar da kaso cikin ɗari masu kyan gani, anka sa a rahoto. Har yau in na ga irin waɗannan alƙaluman sai in tuna tsohuwar nan mai kaɗi.

Abin da ya sa nake cewa darasin da ya fi kowane muhimmanci a mastar ba sunayen Turawan nan ba ne, dabarun bincike ne. Yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya don kada ka tambayi abokanka ashirin ka ce "matasan Maradi." Yadda ake gwada tambaya kafin a fita da ita. Yaushe ƙirga ke da amfani, yaushe kuma sai ka zauna wata uku kana kallo kana saurare baki rufe. Yadda ake ɗaukar shirye-shiryen rediyo na wata shida a bi su ɗaya ɗaya a ga wa ake ba magana, wa ba a taɓa kira ba, minti nawa manomi ya samu, minti nawa ɗan siyasa. Da kuma haƙƙin wanda ka tambaya, kada ka ɗauki muryar mutum ba da saninshi ba ko ka fallasa shi a memwar, wato kundin binciken kammala karatu. In an yi shi da kyau yana fitar da abin da ido ba ya gani. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar lokacin da salula ke shigowa tsakanin 2001 da 2006, ta nuna cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda rezo ya kai. Kawu ya san waya ta sauya mishi kasuwanci, amma bai san da nawa ba, kuma bai san ta rage mishi wata riba da yake ci da can saboda na ƙauye bai san farashin birni ba.

Akwai kuma reshen da ba ruwanshi da rediyo ko intanet, mutum da mutum kawai. Gaisuwarmu, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, kowa ya san amsar tun kafin a tambaya, ko mutum na kwance asibiti "da sauƙi" zai ce. Masanin al'adu Malinowski tun 1923 ya lura da irin wagga magana da ba labari take ɗauke da shi ba, zumunci take ɗaurewa, gwada tsallake ta ka shiga buƙatarka kai tsaye ka gani. Austin na Ingila ya nuna akwai maganar da ita kanta aiki ce, waliyyi ya ce "na ba da" wakili ya ce "na karɓa" gaban shaidu, aure ya ɗauru, ba bayanin aure anka yi ba. Masanan garin Palo Alto na Amurka a 1967 sunka ce mutum ba ya iya ƙin sadarwa, shirun amarya magana ce, ƙin zuwa suna magana ce, shuɗin alamar WhatsApp da ba a ba da amsa ba ma magana ce. Ga habaici, ga zambo, ga sanƙira da ke maimaita maganar babba da ƙarfi don babba ba ya ɗaga murya, ga wasan taubasai da Bagobiri zai gaya ma Bazabarme abin da in wani ne sai an kai ga hukuma, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Kowane ɗaya a nan ya isa doktora.

To amma me ɗalibanmu ke rubutawa? Nan ne raina ke ɓaci. Ka shiga sutnans goma, wato zaman kare memwar gaban malamai, bakwai "tasirin Facebook kan matasa" ne ko "rawar rediyo wajen ci gaba," babi na farko an kwaso daga intanet, Shannon da Lasswell an jera su kamar kayan lefe ba a taɓa amfani da su ba, sai tambayoyi hamsin da anka raba ma 'yan aji. Juri ya yi faɗa kan waƙafi da jerin littattafai, a ba da 15 bisa 20, a ci kaji a watse. Ba laifin ɗalibai kaɗai ba ne, malami ɗaya na iya riƙe memwar fiye da yadda zai iya karantawa, kuɗin fita anket babu, bursi kuma sai ta ga dama. Ga matsalar harshe: mutanen da ake bincike kansu da Hausa suke rayuwa, a rubuta da Faransanci, su kuma ba za su taɓa jin abin da anka ce a kansu ba. Alhali ƙasar nan tana da tarihi a fannin, tun shekarun 1960 akwai kulob-kulob na sauraren rediyo da ke naɗar muryar mutanen ƙauye a sa a iska, a 1964 anka fara koyar da yara ta talabijin. Kano ma ga ta nan kusa, Jami'ar Bayero na da tsangayar sadarwa sukutum, mutane irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe suna rubutu kan finafinai da adabin Hausa na zamani, amma da yake su Ingilishi mu Faransanci, ɗalibinmu ya fi sanin abin da anka rubuta a Faris.

Batun aiki kuwa ba zan yi ma kowa ƙarya ba. Mastar ba ta sa a ɗauke ka a rediyo, can murya da ƙwarewa ake nema. Inda take biya shi ne ƙungiyoyi da proje-proje, ofisoshin yaɗa labarai na ma'aikatu da kamfanoni, aikin anket da bin diddigin shirye-shirye, sai koyarwa ga wanda ya jure har doktora ya bi matakan CAMES, hukumar da ke tantance muƙaman malaman jami'a. Wanda ya iya dabarun bincike kuma ya iya Hausa ta gaske, ba ta fassara a tsaye irin tawa ba, ba ya rasa mai nemanshi. Wanda takarda kawai ya je nema, gara ya sa kuɗin a aya.

Bayan sati biyu ƙanwata ta koma wurin Kawu ita kaɗai, wannan karon da batun da take so ta yi memwar a kai: yadda farashin aya ke tafiya ta vokal tsakanin dillalan Cadawa da 'yan kasuwar Maradi da na Dawanau, wa ke fara ji, wa ake ɓoye ma, muryar wa ake yarda da ita har a loda mota ba a ga kuɗi ba. Ta ce ya yi shiru ya daɗe, ya juya wayarshi ya kifa ta kan benci, sannan ya ce, "Wa ya gaya miki ana ɓoyewa?" Ya yarda zai biya rabin. Ya kuma yarda ta zauna shago ranar kasuwa da littafinta, bisa sharaɗi biyu: ba za ta taɓa ƙaramar wayar ba, kuma in ta gano wanda ke riga shi jin farashi, shi za ta fara gaya ma kafin malamanta.